Allurar rage ƙiba: me take yi wa yunwa?

Maman Biyu (Agege):
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani su taimaka mini da bayani. Akwai wata maƙwabciyata da shagonmu ke jere a Balogun, wata huɗu ke nan tana yi wa kanta allura a cinya sau ɗaya a mako, kuma wallahi ta sauko sosai. Ni ba ramar ce ta ba ni mamaki ba. Da can tare muke sayen shinkafa da wake da azahar, ta cinye nata har ta taya ni. Yanzu cokali biyar take yi ta rufe kula. Na ce ko zuciyarki ce ke tashi, ta ce a'a, abincin ne kawai ya daina kiranta. Ni kuma tun haihuwar 'yan biyu nake fama da jiki, gwiwoyi ciwo, in zan hau gadar ƙafa ta Oshodi sai na tsaya na huta sau biyu. Me allurar nan take yi a jiki? Kitse take narkarwa ko yaya? Kuma tana da illa?

Baba Alhaji (Mile 12):
Wa alaikumus salam. 'Yata, ki bar maganar allura. An riga an ba mu magani tuntuni: kashi ɗaya na ciki don abinci, ɗaya don ruwa, ɗaya don numfashi. Lokacin da muka zo Ikko muna samari, kwandon tumatir muke saukewa daga mota tun asuba, ba mai teɓa a cikinmu. Yanzu an zauna a shago, burodin Agege da shayi mai madara da safe, lemon kwalba da rana, tsire da dare. Ki riƙe bakinki ki taka ƙasa, za ki ga canji.

Maman Biyu (Agege):
Baba na gode, kuma gaskiya ka faɗa. Amma wallahi na gwada. Sau uku ina rage kilo shida ko bakwai, in daure wata biyu, sai wata irin yunwa ta taso mini wadda ko barci ba ta bari na yi. Ƙarshe in koma inda nake har da ƙari.

Anti Nas (Idi-Araba):
Bari in sa baki, yanzu na sauka daga aikin dare. Maman Biyu, amsar tambayarki kan kitse ita ce a'a, allurar ba ta narkar da kitse kai tsaye. Da yunwa take aiki.

Yunwa da ƙoshi saƙo ne tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. Idan tumbi ya daɗe ba kowa, yana sakin wani sinadari mai suna ghrelin a cikin jini, shi ke zuwa ya ce wa ƙwaƙwalwa a nemo abinci. Idan kuma kin ci, abincin ya gangara hanji, can ƙasan ƙaramin hanji akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke sakin wani sinadarin da ake kira GLP-1. Wannan shi ne ɗan aiken ƙoshi. Yana sa tumbi ya rage saurin tura abinci gaba, shi ya sa ciki ke daɗewa a cike. Yana sa jiki ya saki insulin, sinadarin da ke sauke sukari, idan sukari ya hau a jini. Sannan yana isa wurin da ke lura da ci a ƙwaƙwalwa ya ce ya isa haka.

To amma ɗan aiken nan ba ya daɗewa. Cikin kamar minti biyu jiki ya farfasa shi. Abin da masu haɗa magani suka yi shi ne suka ƙera mai kama da shi, suka ɗan sauya masa siffa yadda abin da ke farfasa shi ba zai iya kama shi da wuri ba, suka kuma maƙala masa wani ɗan reshen kitse da ke sa ya manne wa furotin ɗin da ke yawo a jini. Sai ya zamana maimakon minti biyu, sai an yi kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jiki. Shi ya sa allurar take sau ɗaya a mako. Sunan maganin semaglutide. Kamfanin Novo Nordisk na ƙasar Denmak ke yin sa, aka amince da shi da sunan Ozempic a 2017 don masu ciwon suga, sannan a 2021 aka amince da shi a Amurka da sunan Wegovy don rage ƙiba, da awo mafi yawa.

Saboda haka abin da maƙwabciyarki ta gaya miki daidai ne. Kullum ƙwaƙwalwarta na jin saƙon cewa yanzu ta gama cin abinci.

Baba Alhaji (Mile 12):
To ai ka ji. Kenan dai rage ci ne, abin da na faɗa. Me ya sa sai an biya kuɗi an soki jiki kafin a yi abin da haƙuri zai yi?

Anti Nas (Idi-Araba):
Baba, da girmanka, a nan ne na saɓa maka. Hadisin da ka kawo ba mai ja da shi, kuma ni kaina da shi nake yi wa marasa lafiya nasiha. Amma ka duba abin da Maman Biyu ta ce: tana ragewa, sai yunwa ta taso mata fiye da da. Wannan ba raunin zuciya ba ne, haka jiki yake. Kitsen jiki yana fitar da nasa sinadarin, leptin, wanda aka gano a 1994, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke rumbu. Da mutum ya rame, leptin ya sauka, ghrelin ya hau, jiki kuma ya rage ƙona abinci, domin shi a ganinsa fari aka shiga. Wanda bai taɓa ƙiba ba bai san wannan yunwar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma an gwada maganar taka, Baba. A babban gwajin da aka wallafa a 2021, an ɗauki mutum 1,961 masu ƙiba, dukansu aka ba su shawarar rage ci da motsa jiki, ana bibiyarsu. Wasu aka yi musu allurar gaske, wasu aka yi musu wadda ba magani a ciki. Bayan mako 68, masu allurar gaske sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, sauran kuma kashi 2 da ɗan wani abu. Wato mai kilo 100 ya dawo kamar 85, ɗan'uwansa da ya bi shawara kaɗai yana nan wajen 97 ko 98. Duk mutane ne, duk sun yi ƙoƙari.

Hajiya ta Ikeja:
Ni ina kanta, shekara ɗaya da rabi ke nan, likita ne ya ɗora ni saboda suga. Abin da Anti Nas ba ta faɗa ba, wanda sai mai yi ya sani, shi ne shirun da ke zuwa a kai. Da can ina sallar la'asar ina tunanin abin da zan ci da dare. In na wuce mai masa, ko na ƙoshi sai na tsaya. Ban san cewa ba kowa ke rayuwa haka ba sai da abin ya ɗauke. Ranar da na ga ragowar nama a faranti na tashi na bar shi ba tare da na yi kokawa da raina ba, zama na yi na yi kuka, domin shekara ashirin ina zargin kaina da kwaɗayi.

Amma kada in ɓoye miki, ƙanwata, watannin farko na sha wuya. Tashin zuciya, gyatsa mai wari, bayan gida ya yi tauri. Ranar da na ci soyayyen abu mai maiƙo a wajen biki, kwana na yi ina amai. Sai da na koyi cin kaɗan-kaɗan, in ajiye cokali tun kafin in ji na cika.

Malam Mai Famasi (Obalende):
Abin da Hajiya ta ji yana da dalili. Wurin da ke jin saƙon ƙoshi a ƙasan ƙwaƙwalwa maƙwabcin wurin da ke tayar da amai ne, kuma ga tumbi ya rage gudu. Shi ya sa ba a farawa da babban awo. Wegovy ana farawa da miligiram 0.25 na mako huɗu, a koma 0.5, sai 1, sai 1.7, kafin a kai 2.4. Kusan wata huɗu ke nan ana hawa. Masu gaggawa da ke tsallake matakala su ne ake kwasa zuwa asibiti ana ƙara musu ruwa.

Akwai kuma ƙaninsa, tirzepatide, na kamfanin Eli Lilly, wanda ake sayarwa da sunan Mounjaro. Shi saƙo biyu yake kwaikwaya, GLP-1 da wani mai suna GIP, kuma a gwajinsa masu babban awo sun rage wajen kashi 20 cikin 100.

Wani abu da zai ba ku mamaki: asalin wannan layin magani daga bakin ƙadangare ya fito. Akwai wani ƙadangare mai dafi a hamadar kudu maso yammacin Amurka, Gila, wanda ke iya daɗewa bai ci ba. Wani likita a New York, John Eng, ya gano a farkon shekarun 1990 cewa a dafinsa akwai sinadari mai kama da GLP-1 amma mai jure zama a jini. Daga nan aka yi exenatide, maganin suga da ya fito a 2005. Na yanzu a masana'anta ake haɗa su, ba ruwansu da ƙadangare, kada wani ya ɗauka.

Ɗan Alaba Rago:
Malam, to shayin rage teɓa fa da ake tallarsa a waya? Matata ta saya a hannun wata mai talla a intanet, aka kawo mata da ɗan acaɓa. Kwana goma tana sha, ba ta cin abinci, ba ta barci, bakinta a bushe, zuciyarta na bugawa har ina ji in na kusance ta. Tsakar dare na kai ta asibiti, jininta ya hau sosai. Shi ma irin allurar ne?

Malam Mai Famasi (Obalende):
Subhanallah, Allah ya ƙara mata lafiya. Ba iri ɗaya ba ne ko kusa. Yawancin irin wannan shayi ganyen sa zawo ne da abin sa fitsari. Ruwa mutum ke zubarwa, sikeli ya nuna ya ragu, kwana biyu ya dawo. Amma alamomin da ka lissafa sun fi kama da wani abu daban. Ban gwada kayan ba, don haka ba zan yanke hukunci ba, sai dai an sha kama irin waɗannan kayan a ƙasashe da dama da sibutramine a ɓoye a ciki, alhali an rubuta ganye zalla a jikin kwalin.

Sibutramine na cikin tsofaffin magungunan kashe yunwa, waɗanda ke bi ta wata hanyar. Ka san yadda in mutum ya tsorata, ko motar danfo ta kusa kaɗe shi, yunwa ke ɗauke masa nan take, zuciya ta hau bugu, baki ya bushe? To su wannan halin suke kunnawa a jiki su bar shi a kunne. Yunwa takan tafi da gaske, amma zuciya da jijiyoyin jini ne ke biyan kuɗin. An janye sibutramine daga kasuwa a 2010 bayan an ga yana ƙara bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya. Kafin shi, a 1997, an janye fenfluramine saboda yana lalata ƙofofin cikin zuciya. Akwai rimonabant da aka dakatar a Turai a 2008 saboda yana jefa mutane cikin baƙin ciki mai tsanani har da tunanin kashe kai. Cikin tsofaffin da suka rage akwai phentermine, tun 1959 yake, kuma shi ma na 'yan makonni ne a ƙarƙashin likita, ba a ba mai hawan jinin da bai daidaita ba.

In akwai ragowar shayin, kada ku zubar. Ku kai wa likitan da ke duba ta, kuma kuna iya kai ƙorafi NAFDAC.

'Yar Sabo (Yaba):
Ni abin da ke damuna daban ne. A gidanmu ana wannan neman ramar, a ɗakin kwananmu na makaranta kuma 'yan mata sha-ka-fashe suke haɗiya don su yi jiki kafin biki. Yayata ta sha kafin aurenta, fuskarta ta kumbura kamar an hura. Shi kuma me yake yi?

Malam Mai Famasi (Obalende):
Tambaya mai kyau, ƙanwata. Abu biyu ake sayarwa da wannan sunan. Ɗaya cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne a asali, yana toshe wasu saƙonnin ƙoshi a ƙwaƙwalwa, sai ci ya buɗe, ga barci. Wato ƙofa ɗaya ce, wasu na turawa ta rufe, wasu na ja ta buɗe. Ɗayan kuma dexamethasone, shi ne mai kumbura fuska. Yana tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya hau da suga da jini, ya cinye ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, yana da haɗari, sai likita ya sauke ta a hankali. Ki gaya musu haka don Allah.

Baba Alhaji (Mile 12):
Na ji duk bayananku. Tambaya ɗaya: in an daina allurar fa?

Anti Nas (Idi-Araba):
A nan kam Baba ka taɓa inda yake ciwo. Nauyin yana dawowa. An bi wasu daga cikin mutanen wancan gwajin bayan an tsayar musu da allura, cikin shekara guda sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage. Maganin bai gyara komai ya tafi ba, yana riƙe da ƙofar ne muddin yana jini. Kamar maganin hawan jini yake, ka ajiye, jini ya koma inda yake.

Wannan ne ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tallarta kamar kayan kwalliyar biki, a yi wata biyu a shiga leshi. Ba kitse kaɗai ke tafiya ba, har da tsoka. Mace ta yi wata uku, kuɗi ya ƙare, ta daina, kitsen ya dawo amma tsokar ba ta dawo da sauƙi ba. Ta fi da rauni ke nan. Duk mai yi dole ya riƙa cin wake, ƙwai, kifi, nama, nono, ya kuma riƙa aikin ƙarfi ko da ɗaga jarkar ruwa ne. To ka ga maganarka ta taka ƙasa tana nan daram, Baba, ba a jefar da ita ba.

Kuma ba don kowa aka yi ta ba. Ma'aunin da ake bi shi ne BMI, lissafin nauyi da tsayi: 30 zuwa sama, ko 27 in akwai suga ko hawan jini. Ga wanda ya cancanta kuwa amfanin ya wuce kyan gani. A wani gwaji na mutum fiye da 17,000 masu ƙiba da ciwon zuciya, wanda aka fitar a 2023, ta rage bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwa ta dalilinsu da kashi 20 cikin 100.

Hajiya ta Ikeja:
A ƙara da maganar wuta. Kafin a buɗe ta firij take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare. Ozempic in an fara amfani da ita tana iya kwana 56 a waje in zafin bai wuce digiri 30 ba, amma ku da kanku kun san ɗakunanmu a watan Maris in an ɗauke wuta. Ni kula na saya ta musamman da ƙanƙara a leda. Ku yi tunanin wadda aka ɗauko a jakar matafiyi, ta kwana a shago, ta yini a bayan mashin cikin cunkoson Ikorodu Road. Ko ta gaske ce, me ya rage a cikinta?

Malam Mai Famasi (Obalende):
Balle ma akwai jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a watan Yunin 2024 kan jabun Ozempic da aka kama a Birazil da Ingila da Amurka. A Turai an samu waɗanda insulin aka zuba a ciki aka sauya takarda, mutane suka yi wa kansu, suga ya faɗi, aka kwashe su a sume. In a can an yi, a nan sai a ninka hattara. Kuɗinta da nauyi ƙwarai, don haka duk wanda ya kawo muku da araha ku tuna araha ba ta ado. Takardar likita, famasi mai rajista, a ciro ta daga firij a gabanku.

Ɗan Alaba Rago:
Hajiya, azumi fa? Kin iya yi da ita?

Hajiya ta Ikeja:
Na yi, alhamdulillah, bayan likita ya gyara mini awon sauran magungunana. Ita kaɗai ba ta cika faɗar da suga ba, domin sai suga ya hau take sa a saki insulin. Haɗarin yana wajen mai haɗa ta da insulin ko ƙwayoyin suga irin su Daonil. Wahalar da na sha ita ce sahur, ba na jin ci ko sha, sai na tilasta wa kaina ruwa da kunu. Da dare nake yin allurar don hankalina ya kwanta. Hukuncin kuma sai a tambayi malamai.

Maman Biyu (Agege):
Allah ya saka muku da alheri duka. Anti, abu ɗaya ya rage. 'Yan biyun sun shekara uku, kuma ni da maigida muna son ƙari nan gaba kaɗan.

Anti Nas (Idi-Araba):
Gara da kika faɗa. Ba a yin ta da ciki, kuma semaglutide sai an daina da aƙalla wata biyu kafin a nemi ciki, saboda daɗewarta a jini. Mai shayarwa ma ba a so. Ki sani kuma mata da yawa da haihuwa ta tsaya musu saboda ƙiba, suna fara ramewa sai ciki ya shiga ba zato, kuma Mounjaro tana iya rage ƙarfin ƙwayar tsarin iyali ta baki a makonnin farko da duk lokacin da aka ƙara awo. Wannan magana ce ta ku uku, ke da maigida da likita, kafin ki kashe ko sisi.

Sauran abubuwan da za ki gaya wa likita: ko an taɓa samun kansar maƙoshi ta tayirod a danginku, ko kin taɓa ciwon pankiriyas, wato gaɓar da ke fitar da insulin, ko duwatsu a maɗaciya, domin saurin rama na iya jawo su. Mai yin allurar da ya ji ciwon ciki mai tsanani yana ratsawa zuwa baya, da amai, asibiti zai nufa a daren. In za a yi wa mutum tiyata ma sai ya faɗa, domin abinci na iya kwana a tumbinsa bai wuce ba.

Ki je da safe ba ki karya ba, a auna suga da hawan jini da ƙoda, a duba gwiwoyin kuma.

Maman Biyu (Agege):
In sha Allah ranar Talata zan bar wa yarinyata shago in je.

Baba Alhaji (Mile 12):
Anti Nas, ni har yanzu ina nan kan cewa mutane su rage zama da lemon kwalba. Amma ina da ɗa, babban ɗana, shi ke riƙe mini lissafin motocin albasa. Ya haura kilo 120, yana minshari har numfashinsa ya riƙa ɗaukewa, bara aka ce masa suga ya fara. Shekara nawa ina yi masa faɗa a gaban ƙannensa ina ce masa ba shi da zuciya. Jiya da dare na karanta abin da Hajiya ta rubuta sau biyu. Wane ɓangare zan kai shi a asibiti, kuma sai da takarda daga ƙaramin asibiti ake ganinsu?

Anti Nas (Idi-Araba):
Ɓangaren masu ciwon suga, Baba, akwai a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH. Ya fara zuwa asibitin da aka gano masa sugan su rubuta masa takardar turawa, ya haɗa da sakamakon awonsa na bara da duk maganin da yake sha. Ya ambaci maganar ɗaukewar numfashi da dare, kada ya manta da ita. In ka samu hali ka raka shi da kanka.